Rumfar da Aka Yi wa Faifan Sola

Duk wanda ya san Mai Rumfa ya san ba ya ga maciji da rana. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan: ya kafa ƙarfe, ya ja tamfol, ya ɗaure, ya raba mutane da ita. Rabin shagunan da ke bakin titin unguwar shi ya yi musu rumfa. Idan ya ga an bar kaya mai daraja a rana, ko ba nasa ba ne, sai ya tsaya ya yi wa mai shi faɗa. Ya sha ɗauke keken mutane ya mayar inuwa ba wanda ya sa shi, har wata rana aka kusa yi masa ihun ɓarawo. A wurinsa rana ba ta da wani aiki sai cin kalar yadi, fasa roba, da busar da katako har ya tsage.

To, tsufa ya zo, 'ya'ya sun watse gidajensu, gida ya rage daga shi sai matarsa, wadda yake kira Innar Auta. A shekarar nan zafi ya zo da ƙarfinsa, wutar layi kuwa ta zama baƙuwa mai sauri, ta leƙo, kafin a ce mata sannu da zuwa ta koma. Innar Auta tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Wuni take yi a kujerarta ta bakin taga tana fifita da murfin kwali, har hannun ya gaji ta sauya ɗayan.

Wata safiya Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, kuma ita ta gaji taurin kan ubanta kaf ba ta rage wa yayyenta ba. Ta ɗaura wa uwar abin awon hawan jini a dantse, ta duba, ta ɓata fuska.

"Baba, zan tafi da Inna gidana," in ji ta. "Can akwai wuta, akwai fanka. In zafi ya wuce sai in dawo da ita."

Mai Rumfa ya san irin wannan dawowa. In zafi ya wuce za a ce sanyi ya shigo, in sanyi ya wuce a ce ai ta riga ta saba. Shi kuma ko ya zauna shi kaɗai yana hira da bango, ko ya naɗe tabarmarsa ya bi ta gidan suruki, a ajiye shi a falon bene kamar kayan da aka ba da ajiya. Tun da ya auro matar nan bai taɓa shan shayin safe ba ita a gefensa tana ce masa sukarin ya yi yawa ba.

"Fanka ce matsalar?" ya tambaya.

"Fanka ce, Baba."

"To za ta juya."

"Da wace wutar?"

"Da ta sola. Ni zan haɗa da hannuna, ba sai an kira kowa ba."

Innar Auta ta dakata da fifitar. "Kai da rana? Yaushe kuka shirya ban sani ba?"

Bai ko kalle ta ba. Auta ta naɗe abin awonta ta ce, "Ƙarshen wata zan dawo. In na tarar fanka tana juyawa dare da rana, Inna ta zauna. In ba haka ba, Baba, ka yi haƙuri, da mota zan zo."

Washegari ya nufi shagon masu kayan sola. Mai shagon mutum ne mai haƙuri, ya zaɓar masa daidai ƙarfinsa: faifai guda mai girman rabin ƙyauren ƙofa, batir, fanka mai cin wutar batir kai tsaye, ƙwan fitila biyu, waya ja da baƙa, fis mai yanke wuta idan ta yi yawa, da wata 'yar akwati mai gilashi a gaba wadda take tsayawa tsakanin faifai da batir tana nuna lambar wutar da ke shigowa.

"Ba sai ka sayi inbata mai juya wutar batir zuwa irin ta layi ba, Baba, tunda fankar da ƙwan duk na batir ne," in ji mai shagon. "Batir za ka fara haɗawa da akwatin, sannan faifai. Ja da ja, baƙa da baƙa. Fis ɗin kusa da batir. Kuma zafi in ya yi wa faifan yawa yana rage masa ƙarfi, saboda haka ka bar masa sarari a ƙasa iska ta riƙa wucewa."

Mai Rumfa ya gyaɗa kai da jin daɗi. "Na sani. Ai babu abin da rana take bari lafiya."

"Sai kuma maganar inuwa, Baba. Ko ɗan kaɗan ne..."

"Dakata. Inuwa za ka koya mini? Rumfar da kake tsaye a ƙarƙashinta, wa ya kafa ta?"

Mai shagon ya ɗaga kai ya dubi rumfar, ya sauke kai. Ya taya shi ɗaure kayan, aka rabu lafiya.

Ranar aiki maƙwabcinsa Mai Aski ya shigo riƙe masa tsani. Tare suka tashi tun suna yara, kuma tun lokacin ba wanda ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa magana mai daɗi a gaban mutane. Mai Rumfa ya zaɓi rufin ɗakin ajiya, wanda yake kallon tagar Innar Auta ta tsallaken tsakar gida. Ya hau yana nishi, ya kafa katako, ya kwantar da faifan a karkace, ya ɗaure shi ɗaurin da ko guguwa ta zo sai dai ta tafi da ɗakin gaba ɗaya.

"Ka riƙe tsanin da kyau, ba kan mutane kake riƙe ba," ya ce daga sama.

"Ina riƙe. In ka faɗo ma ai tsanin nake ji, na aro ne," in ji Mai Aski.

Ya jawo waya ta bi bango a miƙe sambal, ya buga akwatin a ɗakin matarsa daidai saman tebur, batir a ƙarƙashi. Ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, yana maimaitawa a bakinsa kamar ɗan makaranta. Da ya murɗa fankar sai ta ɗan yi shiru, sannan ta fara juyawa, ta kaɗa labule, ta ɗaga gefen mayafin Innar Auta. Tsohuwa ta lumshe ido, ta saki murfin kwalin ya faɗi ƙasa.

"Sannu da aiki, Baban Auta," ta ce.

"Aikin me? Wannan ai wasan yara ne," in ji shi. Amma sau uku yana shigowa ɗakin neman guduma alhali gudumar tana aljihunsa.

Da a nan ya tsaya da shi ke nan. Sai dai washegari da tsakar rana ya fito tsakar gida, ya ɗaga kai, ya ga faifan kwance tsirara, rana tana dukansa ba sassauci. Abin ya tsaya masa a rai. Ya jingina tsani ya hau, ya ɗora tafin hannu a gilashin, ya fizge da sauri. Ai ko ƙwai aka fasa a kai sai ya soyu. Nan take maganar mai shago ta dawo masa, cewa zafi yana rage wa faifai ƙarfi. Ita ce kaɗai ta zauna masa a kai, don ita ce ta yi daidai da abin da ya riga ya sani.

Bai zama sakarai ba, ya san faifai haske yake ci. Ba rufe shi zai yi ba. 'Yar rumfa kawai zai yi masa daga bakin sama, ta kare masa goshi idan rana ta take. Me inuwar da ba ta fi tafin hannu ba za ta rage wa abu mai girman rabin ƙyaure? Ya buɗe tsohon akwatinsa ya ɗauko ragowar tamfol mai kyau, kore mai ratsin fari, wanda ya daɗe yana ɓoyo. Ya lanƙwasa ƙarfe, ya ɗinke baki, ya yanka masa geza mai siffar harshe-harshe. Rabon da ya yi aiki mai kyawun wannan tun idonsa yana ganin ramin allura.

Mai Aski ya leƙo ta katanga. "A'a, ango aka yi? Saura turare."

"Je ka nemi kan da za ka ɓata."

Batir ɗin cike ya zo daga shago, saboda haka kwanakin farko fanka ba ta nuna komai ba. Daga baya ta fara lalaci. Da rana ta juya, da yamma ta yi sanyi kamar mai jin barci, kafin gari ya waye akwatin ya yanke mata wuta. Kullum da safe sai Mai Rumfa ya tarar da murfin kwalin nan a gefen matashin matarsa, ya ɗauke kai kamar bai gani ba.

Ya zargi waya, ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya zargi fis. Ya zargi batir, ya zargi mai shago da iyayen gidansa da suka ƙera kayan. Da duk suka ƙare sai ya koma kan tsohuwar abokiyar gabarsa. Lalle zafin ne har yanzu. Ya hau ya ƙara wa rumfar faɗi da taƙi guda.

Ranar nan fanka ko magariba ba ta kai ba.

"Ni dai na ga faifan nan ya fi kowa hutawa a gidan nan," in ji Mai Aski, yana zaune a dakalin ƙofa yana wasa askarsa. "Matar gida tana gumi, baƙo yana shan inuwa. Ka sa masa matashi mana."

"Kai me ka sani a harkar wuta?"

"Ba komai. Amma ban taɓa shanya tawul a ƙarƙashin gado ba."

Mai Rumfa ya yi kunnen uwar shegu da shi, ya shige gida.

Innar Auta kuwa ba ta ce masa cire ba. Ta san mijinta. Duk abin da aka ce masa ya cire, ƙusa yake ƙara masa. Sai dai wata rana da yake goge gumi a bakin ƙofarta ta ce, "Baban Auta, hantsi yana shigo mini ta tagar nan har cinya. Da za ka ba ni 'yar rumfar can, da na gode."

"Ta faifai ce. Ke zan yi miki wata."

"Da wane tamfol? Ai ka ƙarar masa."

"In na samu."

"To, Allah ya ba ka," ta ce, ta ci gaba da fifita.

Ana jibi Auta za ta zo, ya tashi da safe ya tarar an sauko da babbar jakar tafiya daga kan kabad. Innar Auta tana zaune a bakin gado, ta baje tufafi, tana ninkewa a hankali tana jerawa. Jakar nan rabonta da saukowa tun haihuwar jikansu na fari.

"Me ake yi haka?"

"Ka ji abin da yarinyar nan ta ce. Ba na son ta zo ta tsaya jirana, ka san ta da hanzari." Ba ta ɗago ba. "Shayinka yana kan tebur. Ka riƙa rage sukari ko ba na nan."

Ya nemi wurin zama, babu sai kujerarta ta bakin taga, wadda bai taɓa zama a kai ba, don shi ba mai zaman ɗaki da rana ba ne. Ya zauna, shayin ya huce a hannunsa. Daga nan in ka dubi waje faifan ne a gabanka, in ka ɗan juya ido akwatin ne a bango da lambarsa. Rana ba ta yi sama ba tukuna, tana shigar faifan ta gefe, ta ƙarƙashin rumfar, lambar kuwa sai hawa take yi.

Can sai ga wata tattabara ta sauka a kan gilashin, ta tsaya a kusurwa tana gyaran fiffike. Lambar ta faɗo. Mai Rumfa ya ƙura ido. Tattabarar ta tashi, lambar ta koma inda take.

"Kin gani?" ya ce.

"Kullum tana zuwa," in ji Innar Auta, tana ninke zane. "Ita da akwatin nan ba sa shiri. Da ta sauka sai ya yi fushi."

"Tsuntsuwa guda? Ai ko kashi ɗaya cikin ashirin ba ta rufe ba."

"Ni dai ban yi karatun wuta ba. Zauna ka ga wadda take zuwa bayanta. Ita ba ta tashi sai la'asar."

Ya zauna. Rana ta ɗaga. Inuwar gezar da ya yanka da hannunsa ta sauko, harshe-harshe, kyakkyawa, ta taɓa layin farko na faifan. Lambar ta fara zamewa. Inuwar ta ci layin duka ta shiga na biyu, lambar ta zube ƙasa warwas ta kwanta, alhali sauran gilashin duk yana ƙyalli cikin rana. Sai a lokacin ya lura da siraran layukan azurfa da suka ratsa 'yan murabba'an faifan, suka ɗinke su ɗaya bayan ɗaya kamar igiyar da ake zarge tamfol da ita. Igiya kuwa ya san halinta. In ta tsinke a rami guda, duk gefen ne yake saki.

Ya tuna mai shago da maganar da ya katse masa, ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Fanka tana juyawa a kasalance a bayansa, zif ɗin jaka yana jiran a ja shi.

Ya miƙe ya yi gyaran murya. "Tagar nan," ya ce, "hantsi yana shigowa da yawa. Ban san yadda kike zama a nan ba. Ai sai ki yi magana."

"Laifina ne, ban faɗa ba," in ji ta.

Bai kira Mai Aski ba, shi kaɗai ya jingina tsani. Ƙusoshin da ya buga da alfahari su suka fi ba shi wuya, don bai buga su da niyyar cirewa ba. Ya sauko da rumfar a kafaɗa. Ya sake hawa da guntayen katako ya ɗaga faifan sama da kwanon rufi, yadda hannu zai shige ƙarƙashi iska ta wuce, abin da aka faɗa masa tun farko. Ya goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma har da kashin tattabarar. Kafin azahar rumfa mai geza ta koma saman tagar Innar Auta, ta zauna ɗas kamar don ita aka auna.

Da ya shigo ɗaki bai dubi akwatin kai tsaye ba, ta wutsiyar ido ya sata. Lambar ta kai inda bai taɓa ganinta ba.

Ranar da Auta ta zo, da motar ta zo kamar yadda ta ce. Ta tarar labule yana rawa, uwar tana gyangyaɗi a kujera, murfin kwali ya koma kan kwalinsa. Ta ɗaura abin awo, ta duba, fuskarta ta saki kaɗan.

"Jiya ta kwana tana juyawa, Inna? Kada ki rufa masa asiri."

"Har na tashi na ja bargo."

"Shekaranjiya fa?"

"Ita ma."

Auta ta dubi akwatin, ta dubi wayar da ta bi bango a miƙe, ta dubi ubanta. "Baba, gaskiya ka yi ƙoƙari. Ba ta ba ka wahala ba ko?"

"Wace wahala? Abu ne na lissafi."

Mai Aski, wanda ya shigo gaisuwa ba a gayyace shi ba, ya buɗe baki. Innar Auta ta miƙa masa kofin shayi da sauri ta ce, "Sha, maƙwabci, kada ya huce." Ya karɓa, ya dubi sabuwar rumfar taga, ya ce, "Kyakkyawa ce. Kamar na taɓa ganinta a kan wani."

Da motar ta tafi ba kowa a kujerar baya, Mai Rumfa ya ɗauki jakar zai mayar kan kabad. Ya ji ta da nauyi, ya zuge zif ɗin don a kwashe kayan. A sama zannuwanta ne guda biyu. Duk abin da ke ƙasa rigunansa ne da wandunansa, da hularsa ta fita, da tsohon almakashinsa na yankan tamfol naɗe cikin tawul.

"Waɗannan fa?"

"Da ka zaci kai kaɗai zan bari da sukari?" ta ce. "Mayar da su inda suke, kada ka yamutsa mini ninki."

Ya mayar, ɗaya bayan ɗaya, bai yamutsa ba.

Har yau faifan yana can kan rufin ɗakin ajiya ba ko ƙyalle a kansa, rana tana dukansa daga safe zuwa yamma, fanka tana juyawa. Mai Rumfa yana hawa ya goge shi, yana korar tattabara da 'yar tsakuwa. Amma idan rana ta take kuma ya fito tsakar gida shan iska, sai ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya ba faifan baya. Mai Aski ya taɓa tambayarsa dalili, ya ce hasken gilashin ne yake kashe masa ido.